Sun ce a kai Inna sashen "faliyatif". Sallamarmu aka yi ke nan?

Maman Walida, Rikkos

Assalamu alaikum jama'a. A yi haƙuri da tsawon rubutun. Ƙarfe biyu da rabi na dare ne yanzu, barci ya ɗan saci Inna, ni kuwa idona ya ƙeƙashe, ga sanyin Jos ɗin nan na Disamba har cikin ƙashi.

Mahaifiyata ce ba lafiya, shekararta 63. Sankarar mama ce, ɓangaren hagu. Ta fi shekara tana ɓoye mana ƙullutun, ba don komai ba sai maganar nan da muka tashi muna ji, wai daji ba ya son ƙarfe, da allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Tana ta shafa man zaitun da habbatus sauda a ɓoye, maƙwabciyarta na kawo mata jiƙe-jiƙe. Ranar da na gani da idona, shiga na yi in cuɗa mata baya, na tarar wurin ya riga ya fashe. A ranar na kulle shagon ɗinkina, har yau ban koma da kyau ba.

Ba zan gajiyar da ku da duk abin da muka sha ba. An ɗebi tsoka an kai gwaji, muka yi sati bakwai muna zaryar karɓar sakamako. Aka yi kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, sau shida, gashin kanta ya zube, farcenta ya yi baƙi, amma ƙullutun ya ɗan motse, har mun fara murna. Sai aka tura mu wani gari a yi mata gashi da na'ura. Kwana tara muka yi a ɗakin ƙanwar mijina, kullum "ku dawo gobe". Daga baya wani mai shara ne ma ya raɗa mana cewa injin ya fi sati biyu da lalacewa. Filin da marigayi Baba ya bar mata a hanyar Bauchi, a wannan tsakanin ya tafi.

Yanzu baya ne da ƙugu. An yi hoto, an ce abin ya shiga ƙashi. Da rana tana daurewa, da dare kuwa bakin zaninta take cusawa a baki tana cizo don kada jikokinta su ji. Amma ko yanzu ka shigo ka ce "Inna ya jiki?" ce maka za ta yi "Da sauƙi, alhamdulillahi." Likita ma haka take gaya masa. Shi kuma ya rubuta, ya ƙara mana Diclofenac, mu kamo hanyar gida. In abin ya ci tura, yaron kemis na bakin layinmu nake buga wa ƙofa ya zo ya yi mata allura, ta samu awa biyu ko uku.

Ranar Talata likitan, yaro ne mai ladabi ba laifi, ya ce da ni, "Anti, za mu haɗa ku da 'yan faliyatif." Wallahi shinkafa da taliya ne suka faɗo min a rai. Ku 'yan Jos kun tuna 2020 da aka fasa rumbun ajiyar kayan tallafin korona a Bukuru, mutane har kan rufi. Ai tun lokacin abin da kalmar ke nufi ke nan a wurinmu. Har na ce masa, "Likita, abinci kam muna da shi." Ya yi murmushi ya fara min bayani, sai aka leƙo aka kira shi, ga layin da ke bayanmu ya kai bakin matattakala. Takarda kawai ya miƙo min da lambar ɗaki.

Da na gaya wa Yayanmu da ke Legas, wanda shi ke ɗauke da yawancin kuɗin, sai ya hau faɗa: "Sun cinye kuɗin, yanzu sun ce a je gida a jira rana. Kada ki kai ta. Kuma kada wanda ya gaya mata abin ya shiga ƙashi." Shi Masar yake so a kai ta ko Indiya. Ni kuwa na san ko kuɗin jirgin mutum ɗaya ba mu da shi, kuma matar da ba ta iya zaman keke daga Rikkos zuwa Taminus, ina ita ina jirgi?

Ga kuma abu na biyu. Na je ni kaɗai na leƙa ɗakin, ban gaya wa Yaya ba. A bakin ƙofa wata yarinya da jakar takardu ta tare ni, wai bincike suke yi, su da yawa: akwai nas, akwai mai haɗa magani, akwai ma'aikaciyar walwala, har da wani malamin jami'a da ba likita ba, harshe da zamantakewa yake koyarwa. Wai suna so su riƙa kiran waya duk sati suna tambayar jikin Inna da nawa, su kuma koya wa ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwa yadda za su riƙa leƙo irinta a gida. Ta ba ni takarda shafi huɗu a sa hannu. Na ninke na jefa a jaka.

To masu sani, faliyatif ɗin nan sallama ce cikin ladabi, ko akwai abin da suke yi na gaske? Binciken kuma, me zai ƙara wa matar da ke cizon zani da dare? Me ma ya haɗa malamin harshe da ciwon daji? Don Allah a faɗa min gaskiya. Na gaji da "sai addu'a". Addu'ar muna yi.

Abban Khalifa, Gangare

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai shawarata 'yar'uwa, ki yi nesa da takardar nan. Ba yau muka fara jin "bincike" ba. A 1996 da aka yi annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Su samu digirinsu, ku a bar ku da jinyarku. Kuma in sun ce mofin, maganin kashe ciwon nan mai ƙarfi, ki ce a'a. Kawuna daga ranar da aka fara ba shi, kwana uku ya ƙara.

Sista Mai Aikin Dare, Abuja

Maman Walida, sannu da jinya, Allah ya ba da lada. Ni nas ce, shekarata 19 a aiki, bakwai daga ciki a ɗakin masu ciwon daji. Yanzu na sauko daga aiki, amma na kasa wuce rubutunki.

Ba sallama ba ce. Kalmar ce ta zo mana da rashin sa'a, 'yan siyasa sun riga mu kai ta kasuwa da buhun shinkafa. Ni in zan yi wa dangi bayani, "sashen sauƙaƙa wa majinyaci" nake cewa. Aikinsu ciwo, amai, rashin barci, warin gyambo, sarƙewar numfashi, tsoro, har da ke mai jinyar. Ba kuma sai an daina sauran magani ba, tare ake yi. Kuskuren ɗaya ne, an makara. Tun ranar kemo na farko ya kamata a haɗa ku.

Ki karanta wa Yaya wannan. A 2010 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka, a kan mutum 151 masu kansar huhu da ta riga ta bazu. Dukansu ana yi musu maganin kansa, amma rabi aka haɗa su da 'yan sauƙaƙawa tun daga farko. Waɗannan sun fi jin daɗin jikinsu, ƙuncin zuciya ya fi yi musu sauƙi, kuma abin da ya ba likitoci mamaki, sun fi daɗewa: tsaka-tsakinsu wata 11.6, ɗaya rukunin wata 8.9. Rai na Allah ne, ban ce haka za ta kasance ga kowa ba. Amma dai ba ɗakin jiran mutuwa aka tura ku ba.

Abban Khalifa, Allah ya jiƙan kawu. Sai dai irin labarin nan mu muke jawo shi. Muna riƙe maganin sai mun ga mutum ya kai gargara sannan mu ba shi, dangi su tafi da cewa maganin ne ya ƙarasa shi. Wanda aka fara wa da wuri, da ƙaramin awo, ana ƙarawa a hankali, yana iya watanni yana sha yana fita masallaci. Na ruwa ne, da baki ake sha, duk awa huɗu bisa agogo, ba sai ciwon ya taso ba. Nan mutanenmu ke kuskure, su jira sai ta fara cizon zani. Kwana biyu-ukun farko za ta yi gyangyaɗi, wataƙila da tashin zuciya, wannan yana wucewa. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka kada ki baro wurin ba a haɗa miki da maganin sa ciki ya saki ba. Kwalbar kuma a kulle ta, kin san gidajenmu da samari. Allurar yaron kemis, ki tambaye shi sunanta ki faɗa musu. In Pentazocine ce ba a haɗa ta da mofin, karya masa ƙarfi take yi. Diclofenac kullum a cikin da ba abinci kuwa, gyambon ciki da ƙoda nake jiye mata.

Ba ki ambaci wari ba, amma na san akwai, na kuma san shi ke sa ta ƙin baƙi. Ana wankewa a hankali da ruwan gishiri, a daka ƙwayar Flagyl ta yi laushi a barbaɗa, cikin 'yan kwanaki za ki ji bambanci. Su fara nuna miki da hannunsu tukuna. Ƙashin kuma ki tambaya ko za a yi mata gashi na rage ciwo. Wannan ba irin na sati da satittika ba ne, sau da yawa zama ɗaya ne. Sai abin da nake so ki riƙe da kyau: in ƙafafunta suka fara nauyi ko mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zubowa ba ta sani ba, kada ki jira gari ya waye. Alama ce abin na danne laka.

Abin da ke ci min rai, duk wannan ba a makarantar nas na koya ba. A bakin aiki na tsinta, wurin wata tsohuwar shugabarmu da ta je kwas Uganda. Can wata likita haifaffiyar Ingila, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta kafa cibiyar sauƙaƙa wa majinyata ta Hospice Africa a Kampala a 1993, da mofin na ruwa mai arha da ake haɗawa daga gari. A 2004 Uganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi da kansu, don sun ga in sai likita, mutumin ƙauye ba zai taɓa ganinsa ba. Mu a nan Ibadan ce ta ja gaba, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, sashensu na asibitin koyarwa ya buɗe a 2007. Yanzu ga shi waɗanda suka iya ɗin ma ficewa suke. A 2024 hukumar nas-nas ta ƙasa ta ce 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Mu shida muka yi kwas tare, biyu muka rage. Shi ya sa da na ga kin ce za a koya wa ma'aikatan asibitin unguwa, sai da na gyara zama. Su ne ba sa zuwa ko'ina, su ne kuma za su iya takowa gidanku.

Ki nemi ofishin walwala ki tambayi asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya. An fara shi a 2021 da asibitoci shida, ciki har da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Shika, da na Gombe, sankarar mama kuma na cikin ukun da aka fara da su. Akwai cike-cike, akwai jira, amma a tambaya.

Malam Na Farin Gada

Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Sista ta gama da ɓangaren jinya, ni bari in taɓa takardar da ke jakarki, don irin aikina ne. Lafiyar al'umma nake koyarwa, ban kuma san waɗanda suka tare ki ba.

Abban Khalifa bai yi ƙarya ba, abin Kano ya faru. Yau dai akwai linzami. Tun 2007 ƙasar nan na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, ba wanda ya isa ya tunkari majinyaci da sunan bincike sai kwamitin ɗa'a ya amince. Ki duba takardar, ya kamata lambar amincewar da wayar kwamitin su kasance a jiki. Ki ce a ba ki ta Hausa. Ki tambaya ƙarara: akwai sabon maganin da za a gwada, ko tambayoyi ne kawai? Wa zai ga sunanta? In kun ƙi ba a rage muku komai a jinya, in kun shiga kuna iya fita ran da kuka ga dama. Hannun da ake nema kuma na Inna ne, ba na Yaya ba. Ke sai a ɓangaren da ya shafe ki.

Me ya haɗa malamin harshe da daji? Ai ke kika ba da amsar: "Da sauƙi." Littafin da likita ya karanta, an rubuta shi ne don mutanen da in an tambaye su za su ce ciwona takwas ne cikin goma. Inna kuwa ta tashi a gidan da raki abin kunya ne, ta haihu ba a ji muryarta ba, kuma a wurinta ƙorafi rashin godiyar Allah ne. Ba na'urar da za ta hango wannan. Sai wanda ya san mutane ya zauna da nas su gyara tambayar. A wurare da dama na Afirka yanzu da yatsu ake tambaya, daga dunƙulallen hannu, wato ba ciwo, zuwa yatsu biyar, wanda ba ya juruwa. Kamar wasan yara, amma sai da aka gwada shi a ƙasashe da harsuna daban-daban kafin a yarda da shi.

Babban abin da Afirka ta koya wa duniya a kan kansa ma ta irin wannan haɗakar ya zo. Denis Burkitt likitan tiyata ne a Kampala, a 1958 ya ba da rahoton wani kumburin muƙamuƙi da ke kama yara. A 1961 shi da abokansa biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar mil 10,000, asibiti-asibiti suna tambaya, suka zana taswira. Sai ga shi ciwon na bin wuraren zafi da ruwan sama, ba ya son tudu mai sanyi. Masanin ƙwari ne ya dubi taswirar ya ce wannan ai sawun ƙwari masu cizo ne. A Landan kuma masana uku, Epstein da Barr da Achong, suka gano wani bairos, wato ƙwayar cuta, a tsokar da ake aika musu daga Uganda, a 1964, karon farko da aka alaƙanta bairos da kansar ɗan Adam. Daga baya aka gane zazzaɓin cizon sauro ne ke share masa hanya. A Ibadan, likita Victor Ngu na cikin waɗanda suka nuna ciwon na jin magani. Da mai wuƙa ya tsaya shi kaɗai, da abin bai wuce yanka ba.

Ga na kusa da mu, kansar hanta da ke ɗauke mana magidanta da ƙuruciyarsu. Wani ɓangaren labarin a asibiti yake, ciwon hanta nau'in B, wanda rigakafinsa ya shiga allurar jarirai a Najeriya a 2004. Ɗaya ɓangaren yana cikin buhun masara da gyaɗar da aka ɗura ba su bushe ba, fumfuna ta zuba musu guba. In biyun suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin ninkuwa yake. Malaman gona na cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ne suka samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba. Kin ga rigakafin wata kansar daga gonakin Mangu yake farawa.

Amma ba zan rufe ki ba, mu masu bincike muna da wani halin tsiya. Mu cika takardu, mu buga a mujallar da nas ɗin ɗakin ma ba ta da kuɗin buɗewa, a ƙara mana girma, mu ɓace. Ga kuma giɓin da ke gabanmu. Ƙiyasin 2022 ya ce sama da mutum 127,000 suka kamu da kansa a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, amma daga 'yan wuraren da ke rajista aka auno shi. Masu shekara a ɗaki da man zaitun, da yawansu ba su shiga littafin kowa ba. Cibiyar binciken kansa ta ƙasa ma dokarta ta 2017 ce, sai 2023 ta kama aiki. Don haka ki yi musu tambaya ɗaya: in kun kira ranar Laraba na ce muku ciwon yatsu biyar ne, me za ku yi kafin Alhamis? In ba amsa, ki mayar musu da takardarsu.

Baba Ɗan Fansho, Bukuru

'Yata, sannu. Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Kirista. Jikata ce ke buga min wannan. Maman yara ta tafi shekara huɗu ke nan, ta bakin mahaifa ce ta ɗauke ta.

Ni na yi irin na Yayanki. Na hana kowa ya gaya mata, har likita na ja wa kunne. Wata biyar muna wasan ɓuya a ɗaki ɗaya, ina ce mata kin kusa warkewa, tana ce min i, Baba. Ashe ta riga ta kira shugabar zumuntar mata ta raba zannuwanta, ta faɗi waƙar da za a yi mata a coci, ta ce kada a gaya min don zuciyata ba za ta ɗauka ba. Sai bayan an binne ta na ji. Akwai maganganun da ya kamata mu yi ni da ita, ba mu yi ba.

Ki ce wa Yayanki ya bar maganar jirgin Masar ya hau motar Jos. Kada ki ga laifinsa, mutumin da ke nesa kuɗi kawai yake iya aikawa, shi ya sa yake ganin in bai kashe ba bai yi komai ba. Ke kuma ki raba kwanan jinya. Mu matan zumunta ne suka riƙa kwana biyu-biyu, maƙwabciyarmu Hajiya kuma ba ta fasa kawo kunun gyaɗa duk Asabar ba har ƙarshe. Kina da dangi, kina da 'yan Islamiyya. Ki buɗe baki ki roƙa kafin ke ma ki faɗi.

Maman Walida, Rikkos

Na dawo bayan sati biyu. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Bukuru, saƙonka na tura wa Yaya yadda yake, ban ƙara ko wasali ba. Kwana biyu bai ce komai ba, ran na uku ya kira ya ce in share masa ɗakin zaure.

Mun je. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, benci ɗaya, nas biyu, likita na shigowa sau biyu a sati. Babbar cikinsu ta jawo kujera ta zauna daidai da Inna, ta gaishe ta har da tambayar jikoki. "Mama ya jiki?" "Da sauƙi." Sai ta ce, "Alhamdulillahi. To Mama, ba ƙorafi na ce ki yi ba, awo nake so, kamar na hatsi, don in san mudun maganin da zan ba ki. Nuna min da hannu, jiya da dare." Inna ta yi shiru, ta kalle ni, ta kalli ƙasa. Can sai ga hannu ya fito daga ƙarƙashin hijabi, yatsu huɗu, na biyar yana rawa yana son miƙewa. Waje na fita don kada ta ga fuskata.

Mofin ɗin ranar farko ba mu samu ba, wai mai riƙe da makullin ba ya nan, sai Alhamis. 'Yar kwalba ce da sirinji marar allura na awo. Na sa ƙararrawa a waya, shida, goma, biyu, shida, goma, na tsakar dare kuma sun nuna min yadda za a yi ba sai an tashe ta ba. Kwana biyu tana gyangyaɗi har Yaya ya fara hararata, na miƙa masa rubutun Sista. Daren Asabar ta yi barci tun daga goma har kiran assalatu. Ni ce ma na kasa, ina ta tashi ina kara yatsa a hancinta. Taurin bayan gidan kuwa Sista, kin faɗa ya zo, kwana uku muka sha fama duk da maganin. Warin ya ragu sosai. Jiya ta bar ƙawayenta na Islamiyya sun shigo har ɗaki, aka sha shayi.

Malam, na yi tambayarka. Yarinyar ta ɗan daburce, ta kira shugabarsu. Ita ta ce in ciwo ya kai huɗu, a ranar suke sanar da nas ɗin sashen ta neme mu, amma ta faɗa min gaskiya, kuɗin magani ko na mota ba su da shi. Ba sabon magani, tambayoyi ne. An kawo ta Hausa, Walida ta karanta wa Inna, Hausar kamar ta labaran rediyo, har muka yi dariya. Abban Khalifa, ra'ayinka ma na faɗa mata ban ɓoye ba. Ta ce, "In zai hana wata cizon zani, kawo in dangwala." Ashe duk ta san ina gani.

Maganar ƙashin ba mu gaya mata ba, ita ta gaya mana. Ta sa Yaya ya zauna a bakin gado, ta lissafa masa waɗanda take bi da masu binta, har da dubu uku na mai gawayi. Yaya ya yi kuka kamar yaro. Masar ba ta sake tasowa ba. Gashin rage ciwon an ba mu takarda, amma wannan karon ba zan ɗaga ta ba sai na samu wanda zai leƙa ya tabbatar min injin na aiki. Yau da safe yatsu biyu ta nuna.

Sista, saura tambaya ɗaya. Fatar ƙugunta ta fara ja ta gefen da take kwanciya, ba ta dai fashe ba. Duk awa nawa zan riƙa juya ta? Katifar nan mai iska kuma, ana samunta a Jos ko sai an aiko daga wajenku?